Ɗingishin Da Ba Na Kowa Ba

Salamu alaikum 'yan gurup! Yau dai na ajiye biro, pepar ƙarshe ta wuce, alhamdulillahi, wallahi ji nake kamar in fita titi in yi ta gudu har sai garin ya ƙare. Na sa data, na miƙe ƙafa, to ku matso. Tun makon jiya nake karanta surutunku ina shiru saboda jarrabawa. Wai Ummi ta kalli bidiyo, ta ce ita ma za ta buɗe ajin motsa jiki na mata a Mairi, "ai tsalle-tsalle ne kawai da busa usur." Hhh. Ummi, Allah ya shirye ki. Ni tun ina sakandare nake wannan aikin, da shi na yi karatun nan, kuma har yau in zan shiga aji sai na yi addu'a a bakin ƙofa. Bari in ba ku labari. Wadda ta karanta har ƙarshe ta ce tana so har yanzu, ta zo ranar Asabar in miƙa mata tsintsiya.

Don da tsintsiya na fara. Wadda ta koya min, Ya Kaltum, malamar wasanni ce a da a makarantar 'yan mata. Da ta yi ritaya sai ta buɗe fili a bayan gidanta wajen Gamboru, katanga doguwa, ko ƙuda in namiji ne ba ya shiga. Na yi watanni ba ta bar ni na taɓa jikin kowa ba. Shara, tsince ƙusa da fasasshiyar kwalba, cika jarkoki. Kayan aikinmu kuma ba irin na bidiyonku ba ne. Ƙarfen ɗagawa mu muke zubawa: siminti a gwangwanin madara, a soka fayif a tsakiya, a yi ta ba shi ruwa har ya kama. Robar ja tsohon tub ne na keke, a yanka shi a tsaye, faɗinsa shi ne ƙarfinsa. Akwai taya ɗaya ta babbar mota, benci, da kwalbar lemo da ake murza tafin ƙafa a kai. Ƙanƙara kuwa sai na ruga wajen mai firiza, in babu wuta a haƙura da ruwan randa.

Aiki na farko da aka ba ni, Hajiya Yagana ce, mai sayar da busasshen kifi. Babbar mace, baki kamar rediyo. Ta zo wai za ta yi gudu ta rage jiki kafin bikin 'yarta, alhali gwiwarta ko matakala ba ta so. Ya Kaltum ta ce babu gudu. Ta sa na ɗaura mata roba a saman gwiwoyi, ta ɗan rusuna, ta yi ta tafiya gefe-gefe.

"Ke fero," ta ce min, fero shi ne yarinya, ga 'yan Kano na gurup ɗin nan, "na baro kifina na zo in yi tafiyar ƙaguwa?"

"Hajiya, ƙugu ake ginawa."

"Ƙuguna ai ya ginu tun ba a haifi uwarki ba!"

Amma abin da ba ku sani ba ke nan. Yawancin ciwon gwiwar mata ba daga gwiwa yake ba. Naman gefen ƙugu ne ya yi sanyi, sai gwiwa ta riƙa faɗawa ciki duk taku, duk taku, har ta gaji. Ba a fara gudu sai an gina abin da zai riƙe gudun. Zauna a benci, tashi, zauna, tashi. Ɗaga jarka da baya a miƙe. Tsayuwa da ƙafa ɗaya kina goge haƙori. Mai jego ba ta tsalle, ko ta yi arba'in, sai cikinta ya koma ya riƙe. Amarya mai son ta rame a mako biyu, ki fara tambayarta me ta ci jiya, don wadda ba ta cin abinci, ƙashinta ke biya. Hajiya Yagana ta yi ta zagina har ranar da ta hau matakalar shagonta ba ta dafa bango ba. Daga ranar ta zama 'yar gida, ita ke kawo mana kwastomomi, ita kuma ke korar su da baki.

Yanzu ga inda aikinmu ya bambanta da na bidiyo. A bidiyo kuna ganin gwiwa. Mu a garin nan ba ma gani. Mace za ta zo da wando, a kai doguwar riga, a kai hijabi har ƙasa, wata ma da lafayarta, kuma ko mu mata zalla ne ba za ta cire ba. Ki tambaye ta ina ke ciwo, ta ce "kalewa," lafiya lau, tana murmushi tana cije baki. To da me za ki gane? Ya Kaltum da kunne take aiki. Takan tsaya a tsakiyar fili, ta rufe ido, mata suna zagaye ta da gudu, sai ki ji ta ce, "Ta uku daga baya, hagunki yana marin ƙasa, fito." A fito da ita, a cire takalmi, ta taka tabarma ba komai a ƙafarta, a duba yatsu da dunduniya da idon sawu. Haka ƙa'idarta take, gwaji ba takalmi.

Ni ma haka ta koya min. Ta zaunar da ni ina fuskantar bango, mata suna wucewa ta bayana, in faɗi sunan kowa daga takunta. In na yi kuskure ta ɗalle min kunne. Ta kuma koya min ciwo iri biyu ne. Wanda mace ke shafawa da tafin hannu gaba ɗaya, tana cewa nan duk, wannan nama ne, hutu da ƙanƙara. Wanda kuwa za ta nuna da yatsa ɗaya tak, ta ce nan, wannan ƙashi ne ke magana, ki tsayar da komai.

Sai shekarar ambaliya.

Ba sai na ba ku labarin ruwan ba, kowa a nan ya san inda ya same shi. Filinmu ya zama tafki, katanga ta kwanta, gwangwanayen simintinmu kaɗai suka tsaya inda muka bar su. Matan ajinmu yawancinsu 'yan Gamboru ne, sun fito da kayan jikinsu kawai. Ɗaya daga cikinmu, Aisa, ba ta fito ba. Ita ce kullum ta ƙarshe a layi, mai dariya tana haki.

Bayan an kwana biyu wani ɗan'uwan Ya Kaltum ya ara mana tsohon sito a Maisandari, wanda a da ake ajiye hatsi. Tabɗi. Rufi can sama, tattabaru a ciki, haske na shigowa ta hujojin kwano kamar igiyoyi, warin tsohon gero da maganin ɓera. In kin yi magana, maganar sai ta je ta yi jim, ta dawo. Ko da rana tsaka wurin sanyi ne da shi. Mata suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, wasu don motsa jikin, wasu don kawai su fita daga ɗakin da suke cunkushe da dangi. Amma ba mai kambas, ruwa ya tafi da su. Sai Ya Kaltum ta je 'yan gwanjo ta kwaso rabin buhu, ta ajiye a bakin ƙofa. Duk wadda ta zo ta zaɓi daidai ƙafarta, in an tashi ta mayar. A da takan juya takalmin mace ta karanta ƙasansa, inda ya cinye da inda bai cinye ba. Wannan karon ta ce ba amfani, tarihin wasu ne a jiki.

A lokacin ne aka ba ni Bintu, ta farko da Ya Kaltum ta ce, "Wannan taki ce daga farko har ƙarshe." 'Yar Shuwa ce, doguwa, babanta dillalin shanu ne kafin ruwa ya ci garken da ke hannunsa. Ta nemi aikin kaki, an kira su tantancewa, kuma akwai gudu a ciki. Duk gidansu ita ake kallo. Yarinyar ba ta magana, ba ta ƙorafi. In na ce zagaye kaza, sai ta ƙara. Gudunta kamar ba ta taɓa ƙasa, har nakan yi alfahari da ita a gaban Ya Kaltum.

Wata safiya muna cikin gudu, rana ta fito sosai, Ya Kaltum na tsaye a tsakiya ido rufe. Sai na ga ta karkata kai. Ni ma na saurara. A cikin takun mutane akwai wani daban. Tim… ta. Tim… ta. Ɗaya mai nauyi, ɗaya gajere, kamar mai sauka daga matakala da ƙafa ɗaya kullum.

Ta busa usur. Kowa ya tsaya. Sautin ya ƙara taku ɗaya bayan mun tsaya, sannan ya yi shiru.

Na san amsa-kuwwar sito ce. Na sani. Amma wallahi gashin hannuna sai da ya tashi.

"Wa ke ɗingishi?"

Kowa ta kalli ta kusa da ita.

Aka shimfiɗa tabarma, kowa ta cire takalmi ta taka. Ɗaya bayan ɗaya, har Hajiya Yagana. Kowa garau. Aka mayar da takalma, aka ci gaba. Tim… ta. Tim… ta.

Washegari daga gaban layi yake fitowa. Ya Kaltum ta fitar da wata nas da ke gaba, ta gwada ta a tabarma, lafiya lau. Kashegari nas ɗin na gudu sumul, sautin ya koma tsakiya, wajen wata malamar firamare. Ita ma aka gwada ta, babu komai. Haka ya yi ta yawo. Yau a bayan wannan, gobe a bayan waccan. Ban taɓa ganin Ya Kaltum ta buɗe ido a tsakiyar aji tana waige-waige ba sai lokacin.

Hajiya Yagana ce ta fara faɗa, a wajen shan ruwa, da murya ƙasa-ƙasa, abin da bai taɓa faruwa da muryarta ba.

"Ku ƙirga mu. Ku ƙirga takun. Akwai ƙari."

"Hajiya, don Allah bari."

"Na bari? Wa ke zuwa ƙarshen layi a da? Ba a yi mata sallama da ajin nan ba, ta biyo mu."

Wata ta fara salati. Wata ta ce matacce ba ya dawowa, sai dai aljani ya ari tafiyarsa, kuma kowa ya san tsohon sito ba ya zama ba kowa. Ya Kaltum ta ji, ta zo ta tsaya a kansu.

"Ku bar Aisa ta kwanta. Ba ita ba ce, ba aljana ba ce. Ƙafa ce. A cikinku akwai wadda ƙafarta ɗaya ke ɗaukar kayan biyu. In ban gano ta ba, ƙashin zai tsage. In ya tsage ta ci gaba da gudu a kai, zai karye."

Daga ranar ba abin da muke nema sai wannan ƙafar. Amma matan suka ƙara mana aiki. Ba wadda ke son a ji sautin a bayanta, sai kowa ta koma gudu a kan yatsu, saɗaf-saɗaf, kamar ɓarayi. Ku yi tunanin mata cike da sito suna gudu ba sauti, hijabai na kaɗawa, ba mai magana, sai abu ɗaya kawai ake ji: tim… ta. Kafin mako ya zagayo rabinsu sha-raɓa ta ɗaure, ni ce aikin murza da ƙanƙara. Wasu suka daina zuwa. Wasu suka fara zuwa da kaskon turare.

A cikin wannan rikicin ne tantancewar Bintu ta matso. A buhun nan akwai wani kambas ruwan hoda, mai kyau, kusan sabo, kowa rububinsa take, wadda ta riga zuwa ita ke ɗauka. Hajiya Yagana, Allah ya saka mata, ita ta ce, "Jama'a, mu gudun rage tumbi muke, yarinyar nan gudun abinci take. A bar mata mai kyan." Kowa ta yarda. Aka ce ma ta riƙa tafiya da shi gida, ta ƙara da gudun titi da safe. Bintu ta karɓa hannu biyu, ta durƙusa ta gode.

Ba a jima ba sautin ya daina yawo. Ya zauna a kan Bintu.

Duk inda take a layi, nan yake. Ya Kaltum ta fitar da ita, ta taka tabarma ba takalmi, ƙalau. Ya Kaltum ta danna mata ƙwauri daga sama har ƙasa.

"Nan fa?"

"Kalewa, Ya."

"Nan?"

"Kalewa."

Fuskarta ko motsi. A gidansu ba a cewa wash, ta taɓa gaya min an yi mata ɗinki a ƙafa tana ƙarama ba allurar kashe zafi, kakarta na kallon ko za ta yi kuka. Ya Kaltum ta ce duk da haka ta huta da gudu. Bintu ta ce to. Washegari wani mai keke da ya san mu ya ce min ya gan ta tana gudu a titi tun da sassafe.

Matan kuwa sun gama yanke hukunci. Wai Aisa ta zaɓe ta. In Bintu ta shiga layi, sai a bar fili gabanta da bayanta, daidai wurin mutum ɗaya. Ba wadda ta ce a yi haka, kawai kowa ta ja. Kuna kallo za ku ga yarinya na gudu, ga gurbi babu kowa yana binta, ga sauti na fitowa daga wurin. Hajiya Yagana da ta ba ta takalmi ita ce ta daina shan ruwa a kofi ɗaya da ita. Magana ta kai gidansu. Mahaifiyarta, Ammi, ta hana ta zuwa, aka fara mata hayaƙi da ruwan addu'a. Sannan Ammi ta aiko da kambas ɗin a leda, ta ce duk abin da ya fito daga siton nan kar ya ƙara kwana a ɗakinta. Na jefa shi cikin buhu, ba wadda ta ƙara taɓa shi tunda daga ƙafar Bintu ya fito. Aji ya yi shiru, sautin ya tafi. Matan suka ce kun gani, ta bi ta gida.

Ana gobe tantancewa, nawa takalmin ya ɓalle a ƙasa, na bar shi wajen shumeka. Na riga kowa zuwa sito, na buɗe ƙofa, na share kashin tattabaru. Na ce bari in ɗan ɗumama jiki kafin su iso. Na zura hannu a buhu, ruwan hodan ne a sama, kuma lambarmu ɗaya da Bintu. Na sa. Na ɗan ji shi wani iri, amma gwanjo ai duk haka yake, kowane da halinsa.

Na fara zagaye ni kaɗai.

Tim… ta.

Na tsaya. Taku ɗaya a bayana, sannan shiru.

Na waiga. Igiyoyin haske, ƙura na yawo a ciki, tayar babbar mota a jingine. Ba kowa. Na karanta duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga kasuwa. Na ce Falmata, ke fa 'yar kimiyya ce. Na sake takawa a hankali. Tim… ta. Na ƙara sauri, ya ƙara. Yasin ƙofa na nufa da gudun gaske, abin yana manne da dunduniyata, sai na yi karo da Ya Kaltum tana shigowa.

"Ya, tana nan! Ta dawo, ni take bi!"

Ba ta ko kalli cikin siton ba. Idonta a rufe yake tun daga waje.

"Koma ki sake."

"Wallahi ba zan koma ba."

"Fero, koma ki sake gudun nan."

Na koma. Rabin zagaye ta ce da Kanuri, "Are." Na zo. "Namne." Na zauna a benci. Ta durƙusa, tsohuwa da ita, ta zare min takalmin hagu. Ta juya shi, ba komai. Ta zare na dama ma, ta jera su a ƙasa, tsayinsu ɗaya daga waje. Sai ta zura hannu ciki, ta zura ɗaya hannun a na dama. Ta sa farce ta ɓamɓare shimfiɗar ciki.

A ƙarƙashi akwai wani abu kamar toton kwalba, an yanka shi daidai dunduniya, an manne shi tsaf, kaurinsa ya kai yatsa. Aikin gwani, ba na shumekan bakin titi ba. An yi shi ne don wata mata, a wata ƙasa, wadda ƙafarta ta hagu ta fi ta dama gajarta. A ƙafarta takalmin nan gyara ne. A ƙafar mai lafiya kuwa, hagu na sama, dama na faɗowa ƙasa da duk nauyin jiki, taku bayan taku. Mu kuma duk wadda muka kama, abu na farko da muke cewa shi ne ta cire takalmi.

Ya Kaltum ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Kowa ta sa shi yini ɗaya ta ajiye. Wa ta sa shi kullum, har da kan kwalta?"

Ko ƙofa ba mu rufe ba. Muka tari keke.

Gidan da su Bintu suka sauka ɗaki biyu ne na kawunta, mutane kamar kasuwa. Hayaƙi ya cika tsakar gida. Bintu na zaune a tabarma an lulluɓe ta da bargo, kasko a ƙarƙashi, ga farin kambas na aro an wanke an jingine a bango don gobe. Ammi ta tare mu a ƙofa.

"Malama, da girmanki. Abin da kuka jawo mata bai isa ba?"

"Ammi, ba faɗa na zo ba. Riƙe wannan."

Ta ja da baya da ta ga ruwan hodan. Ya Kaltum ta zaro abin da ke ciki, ta ɗora a tafin hannunta, ta yi bayani a hankali, da Hausa, da Kanuri, har da ɗan Larabcin da ta iya. Matan gidan suka kewaye mu. Bintu ta fito da kai daga bargo, idonta jawur.

"To alhamdulillahi," ta ce. "Tunda takalmi ne, gobe da wani zan yi."

Ya Kaltum ta ce, "Takalmin ya tafi, abin da ya yi yana nan. Tun yaushe yake miki ciwo?"

"Ba ya ciwo."

"Bintu," na ce, "ba mai binki. Ba wadda za ta ce komai yanzu. Nuna min."

Ta kalli Ammi. Ta kalli ƙannenta da ke leƙe ta labule. Sannan ta miƙa hannu, ba tafin hannu ba, yatsa ɗaya, ta ɗora a ƙwaurin dama, ɗan sama da idon sawu.

"Da nake ji, na ɗauka nan take riƙe ni," ta ce.

Ya Kaltum ta ce ta tashi ta tsaya a ƙafar hagu ta yi tsalle. Ta yi. Ta ce ta dama. Bintu ta ɗaga hagu, ta tsaya, ta tsaya. Ta yi tsalle ɗaya ƙarami, ta sauka, sai kawai ta zauna a ƙasa daɓas. Ba ta yi kuka ba. Gumi ne ya karyo mata.

"Gudun ba shi da tsawo, Ya. In sha magani in ɗaure shi. Gobe kaɗai. Daga gobe ki sa min siminti har wuya."

"In kin yi sa'a ki kai rabi. In ba ki yi ba, a gaban masu tantancewa zai karye, kuma wanda ya karye ba a kiransa baɗi."

"Baɗi wa ya san za a ɗauka? Abba fa ya gaya wa kowa."

"Ni zan gaya wa Abbanki."

Bintu ta juya wajena. "Falmata, ke ce kocina. Ke ki faɗa."

Ga abin da bidiyo ba ya koya muku, Ummi. Ba usur ba ne. Tsakar gida cike da mutanen da ruwa ya bari ba komai, duk suna kallon bakinki, kuma ke kaɗai ce tsakanin yarinya da aikin da zai ciyar da su.

Na ce, "Ba za ki yi ba."

Ta ce, "Allah ya isa," a hankali, ta ja bargon ta rufe kanta.

Ammi duk wannan lokacin abin nan na hannunta, tana juya shi. A jikinsa akwai lotsawa, zanen dunduniyar mai shi, ƙarama, ta zauna a ciki sosai. Ta sa babban yatsa a wurin.

"Malama, ita mai ƙafar, tana raye ko ta mutu?"

Kayan gwanjo, wa zai sani? Ammi ta ajiye shi a ƙasa da hannun hagu, ta ce a ƙara garwashi a kasko. Amma ita da kanta ta ɗauke farin kambas ɗin daga jikin bango ta kai ɗaka, ta kuma ɗauko mayafi ta bi mu asibiti.

Hoton ƙashi ya nuna layi siriri kamar gashi, ya ci fiye da rabin faɗin ƙashin. Likitan ya kalli hoton, ya kalli Bintu, ya tambaya da me ta zo. Aka ce da ƙafarta ta shigo. Ya girgiza kai ya ce a kawo keken marasa lafiya.

Washegari da safe, lokacin da 'yan uwanta masu neman aikin ke layi a filin tantancewa, ni ina riƙe da ƙafarta ana naɗa mata siminti. Ba ta kalle ni ba. Ta yi watanni ba ta amsa gaisuwata, in na je yi mata atisayen ƙugu a kan gado sai ta yi duk abin da na ce, ta juya fuska bango. Aikin ya wuce ta, kuma har yau da nake rubutun nan ba a sake kira ba. Abbanta ya koma kasuwa yana riƙe wa wasu igiya.

Ranar da aka cire simintin na kai ta sito, na ce ta taka a hankali daga nan zuwa benci. Na juya baya, na fuskanci bango, na rufe ido. Taku na farko. Na biyu. Ƙafar ta rame, tana tsoron ƙasa, amma ƙashi ɗaya ne, bai rabu ba.

Da ta kai benci sai na ji ta ce, "Ban yafe ba fa."

Na ce, "Na ji. Dawo."

Ta dawo da ƙafafunta biyu.